Tambaya da Amsa: Hoton Baƙi da Fari a Duwatsun Yosemiti Lokacin Kaka

Wasiƙun wannan watan sun karkata ga ɗaukar hoto da fim, sana'ar da mutane da yawa suka ɗauka ta tafi tare da zamanin kaset, alhali kuwa har gobe kamfanonin Kodak da Ilford suna yin fim, matasa kuma suna sayensa. Huɗu daga cikin masu tambayar sun ambaci wuri guda, wato gandun dajin Yosemiti da ke cikin duwatsun Sierra Nevada a jihar Kalifoniya ta Amurka, shi ya sa muka haɗa amsoshinsu a shafi ɗaya, tare da wata tambayar da ta taɓa tsaunukan gida.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Fresno. Kafin in baro gida kawuna ya ba ni tsohuwar kyamararsa, Pentax K1000, kuma na ƙudura shiga Yosemiti a ƙarshen Oktoba da fim na baƙi da fari. Abokaina suna yi mini dariya, wai jama'a suna tururuwa don kallon ganyayen da suka rine ja da rawaya, ni kuma zan je in zubar da launin. Shin suna da gaskiya? In ba su da ita, yaya zan yi ganyen ya fito?
Ɗalibi, Fresno

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Abokanka suna da rabin gaskiya, kuma gara ka san rabin nan kafin ka kashe kuɗin fim. Idan ka tsaya gaban itace don launinsa ya burge ka, ka saita kyamara ka danna, to abin da zai dawo maka daga wanki zai ba ka haushi, domin fim ɗin baƙi da fari ba ruwansa da launi, yawan hasken da abu ya mayar kaɗai yake rubutawa. Jan ganye da koren ganyen da ke bayansa suna iya mayar da haske daidai wa daida, sai su fito toka-toka iri ɗaya, itacen da ya tsayar da kai ya narke cikin daji ka rasa inda yake.

Sauran rabin gaskiyar kuwa naka ne. Yosemiti ba wurin da launin kaka ya mamaye ba ne kamar dazuzzukan arewa maso gabashin Amurka. Mafi yawan itatuwansa masu ganyen allura ne, irin su fain, waɗanda ba sa sauya launi duk shekara. Masu sauyawa kaɗan ne, kuma a warwatse suke: itatuwan oak da ke gefen filayen ciyawa, mapul mai faffaɗan ganye da ke zama rawaya, da dogwud mai zama ja a ƙarƙashin manyan itatuwa. Abin da ya cika ido a can dutse ne. Kwarin Yosemiti, wanda ke tsakanin duwatsun, yana da tsawon kimanin kilomita 11, ƙasansa tana kan tsayin kusan mita 1,200 daga teku, sannan El Capitan ya miƙe kimanin mita 900 daga gindinsa, falalen dutse fari-fari wanda ba shi da wani launin da za a ce an yi asararsa. Ka kuma gaya wa abokan naka cewa da hoton baƙi da fari aka fara sanin wurin a duniya. Mai ɗaukar hoto Carleton Watkins ya shiga kwarin a 1861 da manyan farantan gilashi, hotunansa suna cikin abubuwan da suka ja hankalin 'yan majalisa a Washinton, har shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar kare kwarin a 1864, kafin a mayar da yankin gandun daji na ƙasa a 1890.

Yanzu ga yadda ganyen zai fito. Makaminka shi ne matacin haske, wani gilashi mai launi da ake ɗaurawa a bakin madubin kyamara, wanda masu hoto suke kira filta. Aikinsa irin na rariya ne: yana barin hasken da ya yi kama da launinsa ya wuce, ya tare kishiyarsa. Saboda haka duk abin da ke da launin filtar zai fito da haske a hoto, kishiyar launin kuma ta yi duhu. Filta mai ruwan lemo za ta ɗaga ganyen oak da na mapul har su kusa fari, ta danne shuɗin sama, ta ƙara wa koren fain duhu, sai ga itacenka ya fito sarai daga cikin daji. Filta rawaya tana yin haka amma da sauƙi. Ja ta fi su duka tsanani. Koriya kuma tana juya lamarin, ta haskaka fain ta mayar da jan dogwud kusan baƙi, wanda shi ma wani lokaci shi ne abin da hoton yake bukata. Kafin ka ɗaura filtar, ka kara ta a idonka ka kalli itacen ta cikinta, ka ɗan runtse ido har ƙananan abubuwa su ɓace. Za ka ga ganyen ya yi tsalle ya rabu da bayansa, ko kuma ka ga bai rabu ba, ka adana fim ɗinka.

Ansel Adams, shahararren mai ɗaukar hoto wanda sunansa ya manne da Yosemiti tun da ya fara zuwa a 1916 yana ɗan shekara 14, ya koyi wannan darasi ne a watan Afrilun 1927. Ya hau wani tsauni da ke fuskantar dutsen Half Dome, farantan gilashi biyu kacal suka rage masa na ɗaukar hoto. Ya ɗauki na farko da filta rawaya kamar yadda aka saba, sai ya lura cewa sama za ta fito toka-toka, dutsen kuma ba zai yi kwarjinin da yake gani a zuciyarsa ba. Ya sa ja mai duhu ya ɗauki na ƙarshe, sama ta fito kusan baƙa, kuma wannan hoton ne ya ɗaga sunansa. Abin lura a labarin shi ne ya yanke shawarar yadda hoton zai kasance tun kafin ya buɗe marfin kyamara. Tun ran gini ran zane. Amma kada labarin ya ruɗe ka ka maƙale wa jar filta, kamar yadda sababbin shiga suke yi. Inuwar da ke cikin duwatsu daga shuɗin sama take samun ɗan haskenta, jar filta kuwa shuɗi take kashewa, saboda haka inuwar kwarin, wadda dama mai zurfi ce, sai ta koma baƙi ƙirin babu komai a cikinta. A ganina mai ruwan lemo ita ce ta kaka. In kuɗinka na guda ɗaya ne, ita za ka saya, kuma ka duba lambar da ke bakin madubinka tukuna, domin yawancin madubai masu milimita 50 na wannan kyamarar filta mai faɗin milimita 49 suke ɗauka.

Kowace filta tana cin haske, dole ka biya. Masu hoto suna lissafi da mataki, kowane mataki ninki ne ko rabi na hasken da ke shiga. Rawaya tana cin kimanin mataki 1, ruwan lemo 2, ja 3. Misali, da fim mai saurin 400, wato lambar da ke nuna saurin kama haskensa, a tsakiyar rana, za ka sa 1/500 na daƙiƙa da ƙofa f/16. In ka ɗaura ruwan lemo sai ka koma 1/125, in ja ce 1/60. Ka auna hasken ba tare da filtar ba sannan ka ƙara matakan da kanka, domin ma'aunin da ke cikin tsofaffin kyamarori yakan ruɗe idan ya leƙa ta cikin jan gilashi, ya ba ka haske ƙasa da bukata.

Ko filta ba ta kai matsayin rana muhimmanci ba. Ganyen da rana ta doke shi daga bayanka lami ne, amma wanda rana take bayansa, haske yana ratsa shi, yana ƙyalli ko da babu filta, musamman idan bayansa bangon dutse ne da ke cikin inuwa. Kwarin Yosemiti kamar don wannan aka yi shi. A kaka rana tana karkata kudu, bangon kudu yakan wuni cikin inuwa, don haka idan ka tsaya a filin ciyawar da ke gaban El Capitan ka fuskanci kudu da hantsi ko da la'asar, za ka sami oak masu haske a gaban duhu. Ka kare bakin madubin da hannunka ko da hula kada rana ta faɗa cikinsa kai tsaye. Ka kuma tuna cewa bangayen suna jinkirta fitowar rana a ƙasan kwarin, su kuma gaggauta faɗuwarta, sannan daga Lahadin farko ta Nuwamba ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, wajen ƙarfe biyar na yamma rana ta tafi.

Kada ka sa rai da manyan ruwan da ke zubowa daga duwatsu kamar yadda ake gani a kalanda. Na Yosemite Falls, mai tsayin mita 739, narkakkiyar dusar ƙanƙara ce take ciyar da shi, yawanci yakan ƙafe tun ƙarshen bazararsu sai ruwan sama ya dawo. Na Bridalveil kuwa yana zuba duk shekara amma siriri. Ribar wannan ita ce kogin Merced yana raguwa ya kwanta lumui, duwatsu da itatuwa su fito a fuskarsa, kuma da sassafe bayan dare mai sanyi tururi yakan kwanta a kan filayen ciyawa. Ka bi hanyoyin da aka shata, kada ka tattake ciyawar don neman kusurwa. In kana son hawa sama ta hanyar Tioga, wadda ta kai mita 3,000 da 'yan kai, ka bincika tukuna, domin dusar ƙanƙara ta farko mai yawa takan sa a rufe ta, galibi a Nuwamba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Bara na je Yosemiti a Nuwamba, na ɗauki fim biyu. Da aka wanke, ɓangaren inuwa ya fito baƙi babu komai, dutsen da rana ta haska kuma fari fat kamar takarda. Na bi abin da allurar kyamarata ta nuna. Ina kuskuren yake?
Ma'aikaciyar jinya, Sakramento

AMSA: Barka kadai, Malama. Kafin ki ɗora wa kanki laifi, ki ɗauko nagatif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke, ki ɗaga shi a taga da rana. A nagatif komai a juye yake, inuwa ce mai haske, dutse mai duhu. Ki dubi wurin inuwar ki gwada shi da gefen fim ɗin, inda ramukan nan suke. Idan wurin ya yi garau kamar gefen, ba ko alamar reshe, to haske ne bai isa ba, kuma babu gwanin da zai fito da abin da bai shiga ba. Idan kuwa kina hango rassa da ɓawon itace a ciki ko da dishi-dishi, sannan a wurin dutsen kina ganin tsage-tsagensa in kin matsa da shi kusa da haske, to fim ɗinki lafiya lau, na'urar da ta kwafe shi zuwa kwamfuta ce ta yanke gefe biyun. Wannan yana faruwa sosai a shagunan da suke barin na'ura ta yi wa kanta hukunci, kuma maganinsa ki nemi a sake kwafewa ba tare da ƙara bambancin baƙi da fari ba.

In haske ne bai isa ba, ga dalili. Ma'aunin haske ba ya sanin abin da yake kallo. Duk abin da aka nuna masa yana ƙoƙarin mayar da shi toka-toka matsakaici. Da kika fuskanci kwarin, farin dutse da sama sun cika masa ido, sai ya ɗauka duniya ta yi haske ya rage, inuwa ta biya bashin. Adams da abokin aikinsa Fred Archer sun tsara hanyar kauce wa wannan wajen 1940. Sun raba abin da ke tsakanin baƙi da fari gida 11, daga 0 zuwa 10, kowane gida mataki ɗaya, ma'auni kuma kullum gida na 5 yake nufa. Gida na 3 shi ne duhun da har yanzu ake ganin saƙar abu a cikinsa, na 8 kuma shi ne farin da bai wanke ba tukuna.

A aikace, ki nemi wuri mafi duhu da kike son a ga abin da ke cikinsa, misali gindin itatuwa a ƙarƙashin bangon kudu. Ki matsa kusa ko ki karkatar da kyamarar har shi kaɗai ya cika ta, ki karanta. A ce ta ba ki 1/30 da f/8. In kin ɗauka a haka inuwar za ta fito toka-toka, ba haka kike so ba, don haka ki rage mataki biyu ki sa 1/125, inuwar ta sauka gida na 3. Sannan ki auna dutsen. In ya ba ki 1/1000 da f/8, tazarar mataki biyar ke nan tsakaninsa da inuwar, ya faɗa gida na 8, fim zai ɗauke su duka. In tazarar ta kai shida ko bakwai, wanda ba abin mamaki ba ne a can da tsakar rana, ba za ki taɓa lissafin inuwar ba, a wurin wanki za a gyara, a rage lokacin da fim yake yi cikin maganin farko, mai fito da hoto, da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Rage lokacin yana hana wurare masu haske yin kauri, inuwa kuwa kusan ba ta jin sa, domin ita tun a mintunan farko take gama fitowa.

Adams yana wanke kowane faranti shi kaɗai, ke kuwa hotuna 36 ne a naɗi ɗaya, wanki ɗaya zai hau kansu. Saboda haka ki ware naɗi guda don rana mai zafi, wani don inuwa da ranar gajimare, ki rubuta a jikin kowanne. In shagon da kike kai wa ba ya karɓar irin wannan umarnin, ki saita kyamarar a kan saurin 250 ko 200 ga fim mai 400 a ranakun da haske ya yi tsanani. Fim ɗin baƙi da fari yana jure ƙarin haske fiye da yadda yake jure ƙarancinsa.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Zan je Kalifoniya ganin ɗana a Oktoba, ya ce zai kai ni Yosemiti. Ina da kyamarar fim tun ina aikin gwamnati. Wane fim zan saya, kuma gaskiya ne na'urar filin jirgi tana lalata shi?
Alhaji, Abuja

AMSA: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. In da hannu za ka riƙe kyamarar, ka sayi mai saurin 400, ko Kodak Tri-X, wanda yake kasuwa tun 1954, ko Ilford HP5 Plus. Dukansu suna yafe kuskuren awo, kuma suna barin sarari ga filta. In ɗanka zai sama maka sanda mai ƙafa uku, to Ilford FP4 Plus mai 125 ko Kodak T-Max 100 sun fi laushin tsaba, za su fito da tsagar dutse da ɓawon manyan itatuwan sikwaya na kurmin Mariposa fiye da masu saurin. Shawarata ka tsaya a kan iri ɗaya duk tafiyar. Sai dai ka sani cewa a cikin kurmi ko bayan faɗuwar rana, idan lokacin buɗe marfi ya wuce daƙiƙa ɗaya, fim yakan yi nawa, lissafin ma'auni ya daina cika. Da HP5 Plus, in ma'auni ya ce daƙiƙa 10, sai ka ba shi kimanin 20.

Maganar filin jirgi gaskiya ce. Kada fim ya shiga akwatin da za ka miƙa a sa a ma'ajiyar kayan jirgi ko kusa, domin na'urar da ke duba su mai ƙarfi ce. Tsofaffin na'urorin jakar hannu ba su cika cutar da fim mai 400 ba a wucewa ɗaya ko biyu, amma sababbin da ake kira CT, waɗanda suke yaɗuwa a manyan filayen jirgi, wucewa ɗaya tana iya sa masa hazo, kuma Kodak da Ilford duk sun yi gargaɗi a kai. Ka cire fim daga kwalinsa, ka zuba a leda mai garau, ka roƙi a duba da hannu. A Amurka ana yarda da wannan roƙon, a wasu ƙasashen da za ka yada zango kuwa sai yadda jami'in ya ga dama. Mafi sauƙi shi ne ɗanka ya saya maka a can, a kuma wanke a can kafin ka taso, domin fim ɗin da aka wanke babu na'urar da za ta taɓa shi. Tun da kyamarar ta daɗe a ajiye, ka gwada naɗi ɗaya a gida tukuna, soson da ke toshe bakin murfin baya yakan ruɓe haske ya riƙa sata. A can kuma safiya tana da sanyi ƙwarai, in za ka shiga mota ko ɗaki mai ɗumi ka sa kyamarar a jaka ka rufe, kada raɓa ta kwanta a madubin.

TAMBAYA: Yayana ya dawo daga Amurka da naɗi huɗu da ya ɗauka a Yosemiti, ba a wanke ba, ya kuma kawo tankin wanki da magunguna. Shagunan da na zaga sun ce sun daina. Zan iya yi a gida da zafin nan namu?
Matashi, Kano

AMSA: Za ka iya, ƙanena, kuma baƙi da fari shi ne mafi sauƙin wanki a gida. Duhu ake bukata a mataki ɗaya kawai, lokacin naɗa fim a kan ƙarfen ko robar da ke cikin tankin. Ka yi shi da dare a ɗakin da ka toshe kowace kafa, ka zauna minti biyar tukuna, in ka fara hango hannunka to duhun bai isa ba. Ka wanke hannu ka bushe shi sarai, domin gumi yana sa fim ya cije a robar ya ƙi tafiya, kuma ka fara koyo da wani lalataccen fim da rana har hannunka ya saba. Da ka rufe tankin, sauran aikin a fili ne.

Abokin gabarka zafin ruwa ne. An tsara lokutan wanki a kan digiri 20 na Salsiyos. HP5 Plus a cikin maganin fito da hoto na ID-11 ba sirki minti bakwai da rabi ne a wannan zafin, in an sirka rabi da rabi da ruwa minti 13. Duk digirin da ya ƙaru lokacin yana raguwa da kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma da zarar ya gaza minti biyar wankin yakan yi dabbare-dabbare. Ruwan da ya wuni a tankin saman rufi ba zai yi ba, zai ma tausasa fuskar fim ɗin har farce ya kwashe ta. Ka sirka maganin, ka yi aiki da asuba, ka jera kwalaben uku, wato na fito da hoto, na tsayarwa da na kafewa, a cikin baho ɗaya da ruwan randa da 'yar ƙanƙara, ka sa ma'aunin zafi har su daidaita tsakanin 20 da 24. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne kada su bambanta da juna sosai, har da ruwan ɗauraya, domin fim ɗin da ya fita daga sanyi ya faɗa ɗumi fuskarsa takan yamutse. Wajen ɗauraya ba sai ka bar famfo yana zuba ba. Ka cika tankin ka juya shi sau 5 ka zubar, ka sake sau 10, sannan sau 20, kamar yadda Ilford ta tsara. Na ƙarshe ka yi da tataccen ruwa, don na rijiya yakan bar tabon gishiri.

Sai ƙura, musamman in hunturu ya shigo. Jiƙaƙƙen fim duk abin da ya sauka a kansa ya zauna ke nan. Ka yayyafa ruwa a banɗaki, ka rataye shi da maƙali a ƙasa don ya miƙe, ka rufe ƙofa, kada kowa ya shiga sai bayan awa biyu. Maganin kafewa da aka gama da shi yana ɗauke da azurfa, kada ka zubar inda dabbobi suke sha. Ka fara da naɗin da yayanka ya ce bai damu da shi sosai ba.

TAMBAYA: Malam, mu da ba mu da halin zuwa Amurka fa? Wannan bayani zai yi aiki a Gashaka-Gumti?
Malamin makaranta, Jalingo

AMSA: Zai yi, Malam, ban da abu ɗaya. Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa, shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu tsaunin da ya kai shi a ƙasar. Ganye ba ya rinewa gaba ɗaya a can kamar na ƙasashen sanyi, amma bayan ɗaukewar ruwa ciyawar tsaunuka tana bushewa ta zama ruwan zinariya, kurmin da ke bin rafuka kuma yana nan kore shar, saboda haka filta mai ruwan lemo za ta raba su kamar yadda take raba oak da fain. Lissafin inuwa ma bai sauya ba.

Inda aka bambanta shi ne hazo. Shuɗin hazon da ke lulluɓe tsaunuka masu nisa a iska mai tsabta, filta ja ko ruwan lemo tana ratsa shi, domin shuɗin haske ne iska ta watsa. Hazon hunturu kuwa ƙura ce, ƙwayoyinta manya ne, suna watsa kowane launi, babu filtar da za ta kawar da ita. In kana son tsaunuka su fito tar, ka nufi 'yan makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar ƙura, bayan ka tuntuɓi ofishin gandun da ke Serti a kan halin hanya da mai rakiya. In kuwa ƙurar ta riga ka, ka cire filtar, ka nemi wurin da tsaunuka suka jeru wani bayan wani, kowanne ya fi na gabansa dusashewa, ka sa itace ko dutse mai duhu a kusa, sannan ka ƙara mataki ɗaya a kan abin da ma'auni ya nuna don hazon ya fito da haskensa.